Shari'ar Sarkin Fawa a Tsakar Gidanmu

Kaka ce, irin wadda gero ya yi kyau har ana rasa inda za a jingina dami. Shekarar kuwa mai hayaniya ce. Ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori, manyan motoci suna ratsa Talata Mafara suna kaɗa mana kwanonin jere a ɗaki, baƙi sun cika kasuwa da harsunan da ba mu taɓa ji ba. Maigidana mahauci ne, shi dai shekarar ta yi masa daɗi, domin leburori ba su wasa da tsire. Can gidanmu kuwa, wajen Dosara a ƙasar Maradun, mahaifina da zancen ruwa yake kwana, da shi yake tashi: ina zai tsaya, zai ci fadamarmu ko zai bar ta. Sai na zama rabin zuciyata tana nan tana murna, rabi tana can.

A shekarar ne na shiga ajin yaƙi da jahilci na mata, ina da 'ya'ya uku, ta ƙarshen tana goye. Ba da sauƙi na shiga ba. Maigida ya ce shi ba ya hanawa, amma sai abin da Inna ta ce. Inna ita ce mahaifiyarsa, kuma ita ke riƙe da gidan. Ɗiyar rundawa ce gaba da baya, wato mahauta na gado, uwa da uba da kakanni duk da wuƙa suka tashi, kuma ba ta bari a manta da haka. Da aka kai mata maganar makaranta ta daɗe tana tauna goro, sannan ta ce, "A je a gani." Da wannan 'yar kalma na yi ta zuwa aji, ina sane da cewa bakin da ya ba ni yana iya karɓewa.

Malamarmu mutuniyar Bakura ce, mai fara'a. Da ta ga na fara haɗa baƙi ba tare da na yi gumi ba, sai ta ara mini wani littafi nata, bangonsa duk ya yi laushi, da zanen ƙofar birni a jiki. Ta ce in bi shi a hankali, babu mai kora ta.

Labarin wani birni ne mai ganuwa, tun kafin jihadi da ɗaruruwan shekaru. Ana rufe ƙofofinsa da faɗuwar rana, ba shiga ba fita. Wata safiya aka wayi gari da gawar madugun ayarin gishiri a cikin rijiyar rini. Tun da ƙofa a rufe ta kwana, wanda ya yi aikin yana cikin birni. Sarki ya ɗora binciken a kan wani tsohon alƙali mai ciwon gwiwa, wanda ba ya tambayar mutum abin da ake jira ya tambaya. Sai ya je gidan wanda ake zargi ya zauna yana tambayar yadda awaki suka kwana.

Ni abin da ya fara kama ni ba kisan ba ne. Shirun birnin ne. A waje motocin dam suna ruri, ni kuwa ina cikin lungunan da ba a jin komai sai kukan jaki da bugun masu bugun tufafi. Marubucin ya san warin shuni, ya san yadda ake tallafe tulu, ya san abin da mace ke faɗa wa maƙwabciyarta ta kan katanga. Na yi mamakin a ce mutanen da ƙasusuwansu suka daɗe da zama ƙasa suna faɗa a kan aron turmi kamar mu. Inda bai burge ni ba shi ne yawan yabon rigunan fadawa. Shafi guda cur a kan riga ɗaya, ni kuwa kowane layi sai na hau shi kamar tudu.

To, a lokacin ban iya karatu a zuci ba. Sai na ɗora yatsa, na buɗe baki, na faɗi kalma kunnena ya ji, sannan in gane ta. Bayan azahar mukan baje tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, ni da Inna da maƙwabciyarmu, wata mai yawan dariya 'yar Damri, wadda iyayenta masu rini ne. Nakan ɓare rabona da sauri in koma gefe da littafi. Ina tsammanin babu mai saurare, har ranar da na tsaya ina kokawa da wata doguwar kalma, sai na ji Inna ta ce, ba ta ko ɗago kai ba:

"To, sai mi yaf faru? Kin bar mutum cikin rijiya."

Daga ranar aka sauke mini ɓara. Ni karatu, su gyaɗa.

Mutum uku alƙalin ya sa wa ido. Akwai mai rijiyar rinin da aka tsinci gawar a ciki. Akwai mai tsaron ƙofa, wani saurayi mai tsohuwa makauniya, wanda aka ga sabon bargo a ɗakinsa. Sai Sarkin Fawan birnin, wanda aka ji suna sa-in-sa da madugu a bakin kasuwa. Ranar da na karanta wannan wurin, hannun Inna ya tsaya a cikin ƙwarya.

Maƙwabciya ta kwashe da dariya. "Inna, ga naku ya shigo."

"Naku dai. Rijiyar wa anka iske gawa?"

"Inna, wa zai kashe mutum shi jefa shi rijiyar gidansu? Ai sai mai wuƙa shi yi aiki, shi kawo muna kaya."

"Ke dubi hannun ubanki tukuna. Ko Sallah ba shi fari."

"Shuni na, Inna, ba jini ba."

Na sunkuyar da kai ina danne dariya, domin ba a dariyar suruka a gabanta. Na ɗauka wasa ne irin na kullum. Amma da maƙwabciya ta tafi, Inna ta kira ni bakin ɗakinta. Fuskarta babu wasa.

"Ke ɗiyar nan, ji nan. Rundawa muna yanka dabba da sunan Allah, gari shi ci. Ba mu yanka mutum. In wanga littafi yac ce runji na yay yi kisan ga, to ƙarya aka koya muku. Shi bar gidan ga, ke ko kin gama da makaranta."

Na ce, "Inna, ai labari na, ƙirƙira tai anka yi."

"Wanda yaƙ ƙirƙira shi ba shi da uwaye? Don mi bai ƙirƙiro ma nashi dangi ba?"

Na ɗauki littafina na koma ɗaki. Da maigida ya dawo da la'asar, yana wanke hannu a bakin randa, na faɗa masa a hankali. Ya yi dariya har ya zubar da buta.

"Wato yanzu makarantarki tana hannun wani Sarkin Fawa da ba a taɓa haihuwa ba?"

"Malam, ba abin dariya ba na."

"To Allah shi wanke shi. Ni ba ni shiga shari'ar da Inna ta alƙali."

Muka ci gaba da karatu, amma daɗin ya canza mini. Da can ina bin alƙalin ne kamar mai yawon buɗe ido. Yanzu kuwa duk ƙofar da ya nufa sai gabana ya faɗi. In ya doshi marina in ji sanyi a raina, Allah ya yafe mini. In ya karkata wajen mahauta sai muryata ta ƙanƙance, Inna ta ce, "Ɗaga murya, ba mu ɓoye komi." Ita kuwa ta ɗauki Sarkin Fawan nan kamar ƙanenta. Ya yi wa alƙali kyautar ƙafar saniya, ta ce, "Kun gani, hannu sake." Ya yi tsawa ga yaransa, ta ce, "Hakanan aka riƙon mahauta." Ba ta ƙaunar alƙalin ko kaɗan. Takan ce tsohon nan da zai bar zancen awaki da tuni an gama.

Ni kuwa alƙalin ya shiga raina. Ina son mutumin da ba ya gaggawar kama wani. Akwai wurin da fadawa suka matsa masa a ɗaure mai tsaron ƙofa a huta, ya ce a bar shi ya je ya gaida tsohuwar yaron tukuna. Ya je ya zauna da makauniyar, ta ba shi ruwa a moɗa, ta gaya masa ita ta kaɗa wa ɗanta zaren bargon da hannunta, tana laluben mazari. Maƙwabciya ta share ido da bakin zane ta ce ɓawon gyaɗa ne ya faɗa mata.

Da shafukan hannun hagu suka fi na dama kauri, haƙurina ya ƙare. Wata rana da hantsi na ɗora sanwa, na zauna a madafa da littafin cikin zane, na buɗe ƙarshensa. Inna tana bakin ɗakinta, tazarar da ko tari na yi sai ta ji. Na ɗora yatsa, na danne leɓena da haƙori. Sai ga kalmomin suna shiga kaina da kansu, ba su bi ta baki ba. Ranar na fara karatu a zuci. Na so in yi guɗa, amma abin da na karanta ya hana ni.

Sarkin Fawa ne. Kuma abin bai tsaya nan ba. Wani takarkarin madugu ne ya mutu a hanya ba a samu yanka shi ba, Sarkin Fawa ya karɓe shi a ɓoye ya sayar wa birni a matsayin yankakke. Madugu ya gane, ya ce zai kai ƙara, shi ne ya rufe masa baki. Kisa, ga kuma sayar da mushe. A gidan rundawa ban san wanda ya fi wani muni ba. Tuwon ranar ya yi gudaji.

Na faɗa wa maƙwabciya ta kan katanga. Ta dafe ƙirji, sannan ta fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Ke ko da wauta. Wa ya iya karatu gidan nan in ba ke ba? In kin kai wurin, ki ce mai tsaron ƙohwa na. Ko ki ce namu na, na yahe miki, masu rini mun saba da baƙin hannu."

Na ɗauki shawarar da gaske. Ina daka ina shirya ƙarya, ina wanki ina gyara ta. A nan na gane irin aikin da marubucin ya yi. Littafin kamar kitso yake, ka zare sili ɗaya sai duk kan ya warware. In na ce mai rini ne, ina zan kai ƙafarsa da ta karye, wadda muka riga muka ji ba ta iya ɗaukarsa ko zuwa masallaci? In na ce mai tsaron ƙofa ne, me zan yi da angulayen da alƙali ya gani suna shawagi bayan mahauta ranar da ba a yi yanka ba? Inna kuwa ba ta mantuwa. Tana iya gaya maka launin zanen da ka sa ranar sunan ɗan fari.

Bayan wannan ma, na kasa. Duk lokacin da na kawo mai tsaron ƙofa a bakina, sai in ga tsohuwarsa da moɗar ruwa. Na san takarda ce. Amma na sha ruwan nan tare da alƙali, ba zan iya ɗora wa ɗanta jini ba. Na yi ta jan ƙafa. In ce idona yana ciwo, in ce yarinya tana ƙyuya. Inna ta ce, "Gyaɗa ta kusa ƙarewa. Yau a yi ta ta ƙare."

Maƙwabciya ta shigo da sallama, aka yi gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki, ya aka ji da baƙin gari, kamar ba a ga juna da safe ba. Ta zauna tana yi mini ido. Na buɗe littafi. Na karanta yadda alƙali ya tara mutane a ƙofar fada, ya sallami mai rini, ya sallami mai tsaron ƙofa ya ce ya je tsohuwarsa tana jira. Na zo kan layin. Na ji makarantar tana zamewa daga hannuna, allon, da alli, da dariyar matan aji. Na karanta shi yadda yake, har da takarkarin, har da mushen.

Tsakar gida ta yi tsit. Kaza ta zo ta saci gyaɗa a gaban Inna ba ta kore ta ba. Na rufe littafin na ajiye a kan cinya, ina jiran a ce in miƙo.

Can Inna ta tofar da goro gefe.

"Wa yah haihe shi?"

Na ce, "Na'am, Inna?"

"Sarkin Fawan ga. Wane na ubanai? Mi yaka sana'a?"

Na ce ban sani ba, littafin bai faɗa ba.

"Ya hwaɗi. Can farko, ran da wakenki yaƙ ƙone, ɗiyar ga tana kuka kina karatu kina jijjiga ta. Koma ki bido."

Na koma farko. Neman wuri a littafi ba ƙaramin aiki ba ne ga wadda ta koyi karatu da girma. Na bi shafi shafi, na wuce rigar bafaden nan, na wuce rufe ƙofa, yatsana yana gudu a kan layi, bakina a rufe. Maƙwabciya ta ce, "Ikon Allah, yanzu da ido kika yi?" Ban kula ta ba. Na fara tunanin Inna ta haɗa da wani labarin ne. Sai ga shi, a ƙasan wani shafi mai tabon miya, layi biyu da na bi ta kansu ban ko lura ba. Mutumin ya shigo birnin ne yana saurayi, yana kora jakunan fatake. Ya ka da gwanin kokawar sarki a dandali, sarki ya ji daɗi, da tsohon Sarkin Fawa ya rasu ba ɗa namiji sai ya naɗa shi.

Na karanta da ƙarfi. Inna ta tafa hannu sau ɗaya.

"Ɗan haye na! Na hwaɗa muku! Mai koran jakkai anka ba wuƙa. Runjin gado shi sai da mushe? Ko yunwa za ta kashe shi ba shi yi. Wanga marubuci ya san abin da shikai. Ya nuna abin da ka faruwa in anka ba baƙo sana'ar mutane."

Maƙwabciya ta faɗi kan tabarma tana dariya. "Inna, ba ke kinka ce hannunai sake ba? Ba ke kinka ce hakanan aka riƙon mahauta ba?"

"Gwada ku nikai."

"To tun da kin sani, don mi kinka bar yarinya tana rama? Dubi wuyanta."

"Ni nis san mi marubucin ka nuhi? Sai da nij ji ƙarshe." Ta juyo gare ni. "Ke ko, da kinka kai wurin na ji muryarki ta yi rawa, amma ba ki kauce ba. Kore kazar can."

Na kore kaza. Har yau ban san gaskiyar abin ba. Ko tun farko ta riƙe layin nan ta ɓoye a kumatu kamar goro, ko kuwa a cikin shirun nan ne ta shiga lalube har ta samo ƙofar da za mu fita mu duka. Ban taɓa tambayarta ba, ba a yi wa suruka irin wannan tambaya. Abin da na sani, da maigida ya shigo ta tare shi tun daga zaure da labarin wani mai jakuna da ya ɓata sunan fawa a zamanin da, ta ba shi daga farko har ƙarshe, har da abin da babu a littafin. Ya saurara da ladabi, ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Ashe an wanke mu."

Washegari da safe na share tsakar gida, na ɗumama tuwo, na goya yarinya. Na goge tabon miyar nan iya yadda zai gogu, na naɗe littafin a ɗan kwali mai tsabta, na ɗauki allona. Ina bakin zaure Inna ta kira ni. Ta miƙo mini ƙunshin kilishi ta ce in kai wa malama, in gaishe ta da kyau.

"Ki ce ta ba ki wani. Amma ta duba muna wanda masu rini sunka yi ɓarna."

Ta bayan katanga muka ji an ce, "Na ji ki, Inna!"

Na gyara goyo, na bi gefen hanya ina kauce wa motocin dam, na nufi aji.